Kada a Shafa wa Zauren Baba Yari Siminti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro Alhaji Babaji, mai unguwa, liman, iyayenmu maza da mata, baƙuwarmu Dokta Zulaihat Sammani, da 'yan uwana matasan Ƙofar Guga, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da aka ba ni dama. An ja mini kunne in yi magana a hankali, zan kuma ƙoƙarta.

Na farko, Dokta malama ce a jami'a, tana koyar da sanin ƙasa da yawon buɗe ido. Na ari littafin bincikenta na karanta a shagona, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Ta ce ɗalibi ba ya ƙaunar ƙasar da bai gani da idonsa ba. Shi ya sa take kwaso ɗalibanta, Yarbawa da Ibo da Tibi da namu, ta zaga da su tsoffin gidajen birni.

Na biyu, mu tuna bara. Da aka ji za ta kawo baƙi gidan marigayi Malam Umair, sai kunya ta kama unguwa. Baƙi su zo su tarar da ginin ƙasa? Aka yi gayya, aka lafta siminti a kan zanen da kakanninmu suka yi da hannu, aka bi da shuɗin fenti. Dokta ta iso ta dafa bango ta ce wa Alhaji Babaji, "Alhaji, ina gidan?" Aka ce, "Ga shi nan, mun gyara maki." Ta yi godiya, don tana da kawaici. Ni da nawa bai kai nata ba, cewa nake: mun karrama baƙi, mun shafe abin da ya kawo su.

Na uku, zaure ɗaya ya rage mai irin wannan zane, na Baba Yari, kuma na ga an sauke siminti a ƙofarsa. In aka shafe shi, Dokta ba ta da sauran abin nunawa a unguwar nan. Na yi wa Baba magana ya ce, "Kai Sadiq, mi za su gani ga laka? Dariya za su yi man." Baba, wallahi ba dariya suke ba. A gabana wata ɗaliba 'yar Inugu ta zauna a zaurenka da tsakar rana tana waige-waige, tana tambayar inda aka ɓoye esi, na'urar sanyaya ɗaki, saboda sanyin da ta ji.

Roƙona ga shugaba da dattawa: a kira magina su yi yaɓen ƙasa, su bi da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa, kamar yadda aka saba. Mu matasa mu za mu kwaɓa ƙasar da ƙafafunmu. Simintin a kai shi kwatar bayan masallaci, ta fi zauren buƙata.

Baba Yari, zaure naka ne, kai za ka yanke. Abin da nake roƙo kawai, kada ka yanke saboda kunya.

Allah Ya ƙara wa Dokta basira, Ya ja kwanan iyayenmu, Ya zaunar da Katsina lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.