Fulin Gaban Inji

A bakin wani gareji a Sharada, wani mai mota ya taso wa tsohuwa mai kunu da ta sa baki kan matsalar motarsa.

"Iya, ku ne bakaniken? An ce mini fulogi ne!"

"Ɗan nan, fulogi yana rangaji? Leƙa fulin gaban injin, faifan nan mai juya bel, robarsa ta tsage. Tun ɗazu yake min rawa ina kallo."

Ya leƙa, ya ɗago a sanyaye.

"Gobe zan kai surukaina biki Haɗeja. A ina kuka san wannan?"

"A injin markaɗena. Ka canja fulin yau. Ni da nawa ya fita, wake ne ya kwana a jiƙe. Kai kuwa surukai ne za su kwana a titi."