Tsagar Arawa a Agadas

A tashar Dogon Dutsi, wata tsohuwa daga Matankari ta zauna kusa da wani saurayi, suna jiran motar Agadas.

"Yaro, ka san garin?"

"Can nike kasuwa, Inna. Wurin wa za ki?"

"Ɗana Ma'azu. Damina ta zo ta wuce, babu shi, babu saƙo."

"Wace unguwa?"

"Ban sani ba. Zan zauna bakin dogon masallacin nan in duba huskoki. Shina da tsagarmu ta Arawa, daga baki har kunne."

"Inna, Agadas ba Matankari ba ce. Tun zamanin ayarin gishiri ake taruwa can, yau mutane sun wuce dubu ɗari. Ga rana kamar wuta. Kowa ya naɗe rawani, ido kaɗai za ki gani."

"Har yaranmu?"

"Ai mu muka fi jan shi. In kasuwa ba ta yi ba, ka hango na gida, sai ka..."

Ta dube shi, ta gyara ƙullin kayanta.

"To, ba komai. Ni huskata buɗe take. Ya ja rawanin ya wuce uwa tai in gani."