Ledar da Ke Aljihun Maiwada

A tashar Gaya, Maiwada, dattijo makiyayi daga Balan, yana jiran motar Ajingi ta cika. Ya shanye ruwan leda, ya ninke ledar ya sa a aljihu. Mutumin da ke gefensa ya yi dariya.

"Baba, ajiyar me kake yi? Ai tashar nan ko'ina leda ce."

"Bara saniyata ta daina cin abinci, ta rame har muka yanka ta. Leda mahauci ya ciro daga tumbinta, cikin kwano biyu. Tun ranar ban ƙara yar da ko ɗaya ba."

"Allah ya mayar da alheri. To ina kake kai su?"

"Da binnewa nake a gona, gero ya ƙi fitowa a wurin. Yanzu ƙonawa nake, hayaƙin kuma yana tayar wa iyalina da tari."

Mutumin ya ce, "Ni nake raba ruwan nan, Baba. Kullum mota guda nake saukewa. Da shi nake ciyar da gidana."

Maiwada ya daɗe yana kallonsa, ya nemi haushi a zuciyarsa ya rasa.

"Allah ya sa albarka," ya ce a hankali. "Ni ma ƙishi na ji na saya."