Injin Markaɗen Mama Ladi

A tashar keke ta Mahuta, Mama Ladi mai ƙosai ta dire bokitin wake tana haki. Wani mutum ya matsa mata a benci.

"Sannu, Mama. Babu markaɗe a unguwarku ne?"

"Ina da injina, ɗana. Jikata Juliana da 'yan ajinsu na sakandare suka kwashe shi, wai za su ɗaura masa turbo na tsohuwar tirela, ya yi ƙarfin doki ɗari, su kai shi gasar makarantu."

"Ai ilimi ne, Mama."

"Ilimi? Ranar gwaji ƙullu sai da ya taɓa silin, injin ya yi tari ya mutu. Sati uku ke nan ina jigilar wake."

"Bututun mai suka manta. Sau biyu ina gaya musu."

Ta juyo ta ƙare masa kallo. "Kai ka gaya musu?"

"Ni ne malaminsu," ya ce a hankali.

"Malam, ba ni da ƙarfin faɗa. Yaushe zai dawo?"

"Bayan gasa. Wallahi yarinyar tana da kai."

"Na sani, shi ya sa na ba ta. Amma ka gaya mata doki ɗaya ya ishe ni, in dai zai markaɗa wake."