Kofi Biyar Na Jera

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Sunana Baba Musa, ni tela ne a Maamobi.

Makon jiya kin sa sabon faifan dattijan nan masu kiɗan jita, waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Ina kan keke ina ɗinki, sai ƙafata ta tsaya. Sautin sak irin na da, har da ɗan shuuu ɗin nan da kaset ke yi kafin waƙa ta fara.

Da muna samari, mu biyar muke zama a bencin ƙofar shagon nan, muna dafa shayin ataya muna jin kiɗansu. Iddi ne ke mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare.

Ranar nan sai na hura gawayi na ɗora buta. Sai da na gama zubawa na lura kofi biyar na jera. Iddi ya rasu, Allah ya jiƙansa. Biyu suna Turai. Tanko ya koma Tamale, na tura masa waƙar ta waya, har yau bai buɗe ba. Ataya kuwa ba a shan ta mutum ɗaya. Ina zaune kofi huɗu suka huce a gabana.

Don Allah ki sake sa waƙar ranar Asabar. Duk mai sauraron da ya san kiɗan nan, ya zo shagona mu sha. Kofin Iddi ma na wanke shi.