Ɗan Maganaɗisun da Ke Aljihun Farfesa

Shugaban jami'a, shugaban sashe, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, abokan aiki, ɗalibai, ina yi muku sallama.

Ya kasance mutumin da ya yi shekara talatin yana bautar ƙarfe ɗaya, faladiyam. Yakan ce mai dalilin aure ne: ya haɗa sinadarai biyu da ba sa ga maciji, ya fice, ba a ganinsa a hoto. Ya kasance mai koyarwa har a kan matakala. Ya kasance ba ya yarda kowa ya wanke masa kayan aiki, ko ni da muka raba ofis shekara goma sha tara.

A ƙarshen rayuwarsa ya buga takardar binciken da ta ɗaga sunan sashenmu, cewa ya yi wannan haɗi ba faladiyam ko ƙwaya. Digirin ɗalibarsa ta ƙarshe a kan takardar ya tsaya. Da ya rasu, haɗin ya ƙi. Ta gwada sau ashirin, kwalba ta yi shiru.

Uwargida, ke kika kawo mana farar rigarsa. A aljihu muka sami ɗan maganaɗisun da yake jefawa a kwalba ya juya ruwa, ya yi baƙi don tsufa. Ɗalibar ta jefa shi, haɗin ya tashi. Muka auna: burbushin faladiyam na shekara talatin ne maƙale a jikinsa. Mai dalilin yana nan ashe, a ɓoye.

Ni da ɗalibar muka yi shawarar rufe bakinmu, don sunansa da digirinta. Washegari da hantsi na ɗauko mata littafin aikinsa, wanda makullin durowarsa ke hannuna ni kaɗai, ta buɗe. A shafin ƙarshe, da na san fari ne ba rubutu, akwai rubutunsa mai karkata: "A duba maganaɗisun. A janye takardar." Kwanan watan kwana uku ne bayan mun binne shi.

Farfesa ya saba kuskuren kwanan wata. Amma kullum baya yake komawa, bai taɓa yin gaba ba.

'Ya'yansa, ku yi haƙuri, mun janye takardar jiya. Ɗalibar ta sake aikin digirinta daga farko, da hannunta ta sa hannu a janyewar. Ba mu taɓa cin gardama da mahaifinku ba, ba kuma yanzu za mu fara ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba shi hutu cikakke. Littafin mun mayar durowa. Ba wanda ya sake buɗewa.