Kwalbar Siro a Tashar Tanout

"Inna, tunda ba ki iya karanta rubutun ba, yaya kika san magani ne?"

Hauwa ce ta tambaya, suna jiran motar Gangara a tashar Tanout. Kunya ta kama mahaifiyarta Nafisatu. Siro ne, maganin tari na ruwa, ta saya wa jaririn da ke bayanta a wajen wani mai talla, rubutun kwalin kuwa duk Ingilishi.

Wani dattijo a gefensu ya miƙo hannu. "Kawo in gani, 'yata."

"Baba, kuna jin Ingilishi?"

"Ina! Faransanci na koyar shekara talatin. Amma dogayen kalmominsu masu ƙarewa da 'tion' dangin na Faransanci ne. Kin ga expiration? Ƙarewar wa'adi ke nan. Tun bara ya ƙare."

"Mai tallan fa ya rantse sabo ne daga Kano!"

"Ƙila shi ma bai iya karantawa ba." Ya tsaya yana duban jaririn. "Jikana bai fi wannan ba da muka rasa shi. Ni da na iya karatun, ranar ban duba kwalin ba."

Nafisatu ta gyara goyonta, ta fasa tafiyar, ta nufi asibiti.

'Yar'uwa, kada kunya ta hana ki nuna kwali kafin cokali ya kai bakin ɗanki.